Ku Tambayi Malamai: Hanyar Zama Masanin Al'adar Siyasa da Manufofin Gwamnati

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan fanni ɗaya, wato nazarin yadda jama'a ke kallon mulki, da siyasar jan ra'ayin talakawa, da yadda manufofin gwamnati ke aiki ko su gaza. Mun taƙaita tambayoyin, kuma malaman kimiyyar siyasa da ke amsa wasiƙun wannan fili ne suka ba da amsoshin.

Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen kimiyyar siyasa, kuma burina in zama malamin jami'a mai bincike a kan al'adar siyasa. Wace hanya zan bi, kuma shekara nawa za ta ɗauke ni? (Daga wani ɗalibi, Zariya)

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ya fi komai gaggawa shi ne makinka na yanzu. A ma'aunin maki biyar da jami'o'inmu ke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50. Sashe ba ya cika riƙe wanda ya gaza 3.50 a matsayin ƙaramin malami, kuma yawancin tallafin karatu na waje da wannan ma'auni suke tankaɗe masu nema. Tunda kana aji uku, sauran zangon karatu kaɗan ne za su iya ɗaga maka maki, don haka kada ka yi wasa da ko ɗaya, musamman darasin dabarun bincike da na ƙididdiga, waɗanda ɗalibai suka fi gudu alhali su ne jarin sana'ar.

Bayan digirin farko da bautar ƙasa, digiri na biyu yakan ci wata goma sha takwas zuwa shekara biyu a rubuce, digirin digirgir kuma shekara uku mafi ƙaranci. A aikace ka ƙara lokaci, domin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma jinkirin mai duba kundi da jiran zaman kare kundi su ma suna cin nasu. Matakan aikin su ne: ƙaramin malami mai digirin farko, mataimakin lakcara, lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Galibi ana shekara uku aƙalla a kowane mataki kafin a nemi na gaba, kuma ba a kai wa babban lakcara sai da digirin digirgir. Wanda hanya ta miƙe masa zai yi kusan shekara ashirin daga ranar da aka ɗauke shi zuwa kujerar farfesa.

Kafin ka zaɓi jami'ar da za ka yi digiri na biyu, ka fara zaɓar malamin da zai duba maka aiki. Ka nemi abin da ya wallafa cikin shekara biyar da suka wuce, ka tambayi ɗalibansa tsawon lokacin da babi ke yi a hannunsa kafin ya dawo. Sunan jami'a ba ya karanta babi.

Malamai, kullum muna jin ana cewa wane ɗan siyasar jan ra'ayin talakawa ne, wani lokaci yabo, wani lokaci zagi. Ina so in rubuta kundina a kan jam'iyyun Malam Aminu Kano, NEPU da PRP. Shin sun shiga wannan sahu, kuma ta yaya zan tabbatar? (Daga wata ɗalibar digiri na biyu, Kano)

'Yata, kin taɓo inda kundaye da yawa suke faɗuwa. Ɗalibi ya ɗauki kalmar da 'yan siyasa ke jifan juna da ita, ya liƙa wa wanda yake ƙi ko wanda yake so, ya cika shafi ɗari biyu bai auna komai ba. Mai bincike yana farawa da ma'anar da za a iya gwadawa.

Ma'anar da aka fi aiki da ita a yau ita ce ta Cas Mudde, masani ɗan ƙasar Holan, wadda ya fitar a 2004. A wurinsa, siyasar jan ra'ayin talakawa, wadda masana ke kira fofulizim, tunani ne da ke raba al'umma gida biyu masu gaba da juna: jama'a nagari a gefe ɗaya, manya lalatattu a ɗaya gefen, tare da da'awar cewa siyasa ba ta da wani aiki sai zartar da abin da jama'ar nan ke so. Tunanin ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai ya jingina da wata aƙida, shi ya sa ake samunsa a wurin Hugo Chavez na Benezuwela mai ra'ayin gurguzu, a kuma same shi a wurin Donald Trump na Amurka mai kishin ƙasa da ƙin baƙi. A Afirka an fi kawo misali da Michael Sata, wanda ya ci zaɓen Zambiya a 2011 da ƙuri'un talakawan birane. Wasu masanan kuma, musamman masu nazarin Latin Amurka, suna kallon abin a matsayin dabarar neman mulki: shugaba ɗaya da ke magana da jama'a kai tsaye ba tare da jam'iyya mai ƙarfi a tsakani ba. Ki zaɓi ɗaya, ki faɗi dalili a babi na biyu, ki tsaya a kanta har ƙarshe.

Idan kika ɗauki ma'anar farko, NEPU tana da hujja mai ƙarfi. An kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma sanarwar manufofinta, wato Sanarwar Sawaba, ta bayyana ƙarara cewa akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da hukumomin En'e da talakawa. Wannan rabuwa gida biyu ce ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma akwai abin da zai hana ki saurin yanke hukunci. Masu jan ra'ayin talakawa da dama idan sun samu mulki sukan raina kotu da 'yan adawa da 'yan jarida, don suna ganin su kaɗai ke wakiltar jama'a. NEPU kuwa abin da ta nema shi ne zaɓe kai tsaye, da gyaran kotunan alƙalai, da ƙuri'ar mata a lokacin da matan Arewa ba su da ita, domin sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Haka kuma jam'iyya ce mai rassa da katin zama ɗan jam'iyya, ba taron mutum ɗaya ba, duk da girman Malam Aminu Kano a cikinta. Don haka ta ma'ana ta biyu hujjar tana raguwa. Wannan saɓani shi ne naman kundinki, kada ki guje shi.

PRP, wadda ta gaji NEPU a jamhuriya ta biyu, ta fi sauƙin aunawa domin ta yi mulki. A 1979 ta ci gwamnan Kano da na Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Majalisar Kaduna, wadda NPN, jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, ke da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ta tsige shi a Yunin 1981. Jam'iyyar ta kuma dare gida biyu, santsi da taɓo, kowane ɓangare yana cewa shi ne na talakawa. Tambaya mai kyau a nan ita ce: da aka soke haraji, da me ƙananan hukumomi suka cike giɓin, kuma me ya faru da ikon dagatai da masu unguwanni waɗanda su ke karɓarsa?

Ga hanyar auna jawabai. Kirk Hawkins, wani masanin kimiyyar siyasa na Amurka, ya fito da tsari mai sauƙi: a ɗauki jawabai huɗu na kowane shugaba, ɗaya na yaƙin neman zaɓe, ɗaya na buɗe wani aiki, ɗaya da aka yi gaban baƙi na waje, ɗaya kuma wanda ya shahara. A ba kowane jawabi maki 0 idan babu rabuwar nan ta jama'a da manya, 1 idan akwai ta amma da sassauci, 2 idan ita ce ƙashin bayan jawabin. Mutum biyu ne za su ba da makin, kowa shi kaɗai, ba tare da sun ga na juna ba, sannan a kwatanta. Idan suna yawan saɓawa, ƙa'idar da kika rubuta musu ce ba ta fito fili ba, sai ki gyara ta ki sake. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar jawaban kamfe kaɗai, inda kowane ɗan siyasa yake kukan talaka, sai sakamakon ya nuna kowa ɗan fofulizim ne. Ki haɗa da jawaban NPC, jam'iyyar da ta mulki Arewa a zamanin NEPU, da na NPN don ki sami abin kwatance.

Kayan aikin suna kusa da ke. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa reshen Kaduna. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, suna da amfani, amma ki tuna jaridar hukuma ce, yadda ta kawo labarin 'yan adawa shi kansa abin nazari ne. Waƙoƙin jam'iyya ma ki ɗauke su a matsayin jawabi, domin ta nan saƙon ya fi isa ƙauye. Dattawan da suka ga zamanin PRP suna raguwa, ki fara da hira da su kafin ki zauna laburare.

Mai duba aikina ya ce in raba takardar tambayoyi ɗari huɗu don auna yardar mutane da gwamnati. Na yi niyyar rabawa a makarantar da nake koyarwa da kasuwar garinmu. Ya isa? (Daga wani malamin sakandare mai digiri na biyu, Gusau)

Malam, adadin ya isa, hanyar ce ba ta isa ba. Ɗari huɗun nan ta samo asali ne daga lissafin da ke cewa mutum 384 suna ba da sakamako mai kuskuren da bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba sama ko ƙasa. Amma lissafin yana aiki ne kawai idan kowane baligi a yankin yana da damar a zaɓe shi. Makaranta da kasuwa za su ba ka maza masu karatu da 'yan kasuwa, su bar maka matan aure da ke gida, da manoma, da makiyaya. Ko dubu goma ka raba ta haka, ra'ayin mutanen da ka iya cimma ka auna.

Abin da za ka yi: ka rubuta sunayen mazaɓun ƙaramar hukumar, ka zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a. A kowace mazaɓa ka zaɓi rumfunan zaɓe ta ƙuri'a, su zama wurin farawa. Daga rumfar mai tambaya ya kama tafiya yana ƙirga gidaje, ya shiga kowane gida na biyar ko na goma. A cikin gidan a rubuta baligai a zaɓi ɗaya ta ƙuri'a, ana sauyawa: wannan gida namiji, na gaba mace. Idan wanda ƙuri'a ta faɗa wa ba ya nan, a dawo, kada a maye gurbinsa da mai gida don shi ne ya fito. Dole rabin masu tambayarka su zama mata, in ba haka ba ba za ka shiga gidajen kulle ba. Ka kai wa hakimi da mai unguwa gaisuwa da takardar jami'a tun kafin ranar, amma kada mai unguwa ko yaronsa ya zauna a wurin hirar, domin ba wanda zai ce bai yarda da sarakuna ba a gabansu.

Yawancin mutanen da za ka tambaya da baki za a karanta musu, don haka takardar ta zama da Hausa tun daga gida, kada kowane mai tambaya ya riƙa juya ta yadda ya ga dama a bakin ƙofa. Mutum ɗaya ya mayar da ita Hausa, wani da bai ga ta asali ba ya sake mayar da ita Turanci, ka kwatanta biyun ka ga inda ma'ana ta zame. Ka gwada ta a kan mutum talatin kafin aikin gaske. Kada ka tambayi yarda da "gwamnati" a dunƙule: wani shugaban ƙasa zai tuna, wani gwamna, wani ɗan sandan da ke shingen hanya. Ka raba su ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara da sarki da limami da kotu.

Wata matsalar ita ce kunya da tsoro. Idan ka ce wa mutum ko ya karɓi kuɗi ranar zaɓe, zai ce a'a. Dabarar da ake yi ita ce a raba masu amsa gida biyu ta ƙuri'a. Rukuni na farko a karanta musu abubuwa uku marasa nauyi, a ce su faɗi guda nawa suka faru da su, ba tare da sun ce wanne ba. Rukuni na biyu a karanta musu ukun nan har da na huɗu, wato karɓar kuɗi. Bambancin matsakaicin amsar rukunan biyu shi ne ƙiyasin waɗanda suka karɓa. Sai dai dabarar tana buƙatar mutane da yawa, da ɗari huɗu sakamakon zai yi rauni.

Kafin duk wannan, ka sauke bayanan Afrobarometer, ƙungiyar da ke auna ra'ayin jama'a, daga intanet, kyauta ne. Tun 1999 suke irin wannan tambaya a ƙasashen Afirka, har da Najeriya, daga baya kuma Nijar, da mutum 1,200 zuwa 2,400 a kowace ƙasa. Idan ka ari tambayoyinsu kamar yadda suke, za ka iya kwatanta garinku da ƙasa baki ɗaya. Ka kuma karanta maƙalar Peter Ekeh ta 1975, wadda ta yi bayanin cewa ɗan Afirka na bayan mulkin mallaka yana rayuwa cikin jama'a iri biyu: ta dangi da ƙabila, inda cin amana abin kunya ne, da ta hukuma, inda ake ganin dukiyar ba ta kowa ba ce. Tambayoyin da aka gina a kan binciken al'adar siyasa na masanan Amurka Almond da Verba na 1963, wanda aka yi a Amurka da Birtaniya da Jamus da Italiya da Meziko, ba su hango wannan rabuwa ba.

Shin tallafin man fetur da ciyar da ɗalibai da raba kuɗi duk siyasar jan ra'ayin talakawa ce? (Daga wani ma'aikacin gwamnati, Dutse)

A'a, ranka ya daɗe. Manufa ta yi wa jama'a daɗi ba shi ke mayar da ita haka ba, in ba haka ba gina asibiti ma zai shiga. Masana tattalin arziki suna amfani da kalmar ne ga kashe kuɗin da babu tushensa, wanda ke kawo daɗi yau, hauhawar farashi gobe. Masanin siyasa kuma yana duba yadda aka tallata manufar da wanda aka nuna a matsayin abokin gaba. Tallafin mai ya nuna yadda abin yake da sarƙaƙiya: da aka cire shi a Janairun 2012 lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, zanga-zanga da yajin aiki suka sa aka dawo da ita 97. Masu zanga-zangar sun ce manya ne ke cutar talaka, gwamnati ita ma ta ce wasu 'yan tsiraru ne ke cinye tallafin. Harshe ɗaya, ɓangarori biyu. A 29 ga Mayu 2023 aka sake cirewa, farashin ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki, amma ba a ga irin taron 2012 nan take ba. Dalilin wannan bambanci tambaya ce da ta isa kundin digirin digirgir.

Mai nazarin manufa yana bin kuɗi ne mataki-mataki: abin da aka sa a kasafi, abin da aka saki, abin da ya isa makaranta ko asibiti, sannan abin da ya canja a rayuwar mutane. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 misali ce: ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa, shi ya sa kuɗi ke zaune a Abuja azuzuwa na yoyo. Idan kana son sanin ko ciyar da yara ya ƙara yawan ɗalibai, bai isa ka duba kafin da bayan ba. Ka kwatanta canjin da aka samu a makarantun da aka ciyar da canjin da aka samu a waɗanda ba a ciyar ba cikin shekarun nan. Ka kuma yi hattara da rajista, domin duk inda kuɗi ya rataya ga yawan suna, suna yakan yi yawa. Ka shiga aji ba tare da sanarwa ba ka ƙirga kawuna. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata a rubuce, ka yi amfani da ita, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Ni a Nijar nake karatu. Tsarin ɗaya ne? (Daga wani ɗalibi, Maraɗi)

Ya bambanta, ɗan'uwa. Ku shekara uku ne digirin farko, biyu na biyu, uku na digirgir, kuma ƙarin girman malamai yana bi ta hukumar CAMES da ke haɗa ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ba jami'a ita kaɗai ba. Kuna da cibiyar LASDEL a Yamai, wadda ta yi suna wajen nazarin yadda ma'aikatan asibiti da kotu da ofisoshi ke aiki a zahiri saɓanin abin da doka ta rubuta. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a ƙi tayin ci gaba da zama ƙarƙashin inuwar Faransa a ƙuri'ar raba-gardama ta 1958 aka kuma haramta ta a 1959, ta dace a kwatanta ta da NEPU. Mai Hausa da Faransanci da Turanci ne zai iya wannan aiki, kuma irinsa ba su da yawa, don haka ka dage da Turancin.

Na samu aikin lakcara, ana ta ce mini in wallafa. Wata mujalla ta ce in biya kuɗi za ta buga mini cikin mako biyu. Sannan wani ɗan takara ya nemi in zama mai ba shi shawara. (Daga wata lakcara, Sakkwato)

Malama, ki riƙe kuɗinki. Mujallar kirki tana tura maƙala ga masana biyu ko uku da ba su san sunanki ba, kuma amsar farko takan ɗauki watanni, yawanci da buƙatar gyara. Wadda ta yi alkawarin mako biyu ba wanda ya karanta. Za ta iya wucewa a ƙananan matakai, amma a matakin mataimakin farfesa da farfesa ana aika ayyukanki ga masu tantancewa na wajen jami'a, su kuwa sun san waɗannan mujallu. Ki duba ko mujallar tana cikin rumbunan mujallun ilimi irin su Scopus ko AJOL, ki duba ko editocinta mutane ne da za ki iya samu a jami'o'insu. Daga kundin digirgir ɗaya ana iya fitar da maƙala biyu ko uku, kowace da tambayarta, ba a yanka babi ɗaya gida uku a canja take ba. Don kuɗin fita bincike, ki tambayi ofishin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na jami'arku lokacin da ake karɓar buƙatun ƙaramin tallafin bincike, ki kuma riƙa duba sanarwar CODESRIA, majalisar masu binciken zamantakewa ta Afirka da ke Dakar.

Batun ɗan takara kuwa, ba haramun ba ne, kuma wanda ya zauna a ofishin gwamnati yakan fahimci abin da littafi bai faɗa ba. Amma yana da farashi. Daga ranar da aka gan ki a ayarinsa, 'yan ɗaya jam'iyyar ba za su ƙara ba ki hira ta gaskiya ba, kuma duk abin da kika rubuta a kan jiharku za a karanta shi da wannan ido. Idan kin yanke shawarar karɓa, ki nemi hutun aiki a rubuce ta hannun shugaban sashe, ki miƙa ɗaliban da kike dubawa ga wani malami da amincewar sashe, kada ki yi amfani da hirarrakin da mutane suka ba ki bisa amanar bincike wajen kamfe, kuma duk maƙalar da ta shafi gwamnatin da kika yi wa aiki ki bayyana wannan alaƙa a shafin farko.